BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

Duk wanda ya tashi a Sanyinna ko Tambuwal ko Kebbe ya san gulbi, ya san tafki da fadama, amma teku sai dai a taswira da littafin labarin ƙasa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne in an ji samarinmu, musamman waɗanda suka gama makaranta suka kama sana'a, suna shawarar su hau babur su gangara kudu har bakin teku, sa'an nan su bi gaɓa ta Badagiri da Kwatano da Lome, har su dangana da Elmina a ƙasar Gana. Da zarar an ta da wannan magana sai mutane su rabu biyu. Iyaye su ce ganganci ne da neman suna. Samari kuwa su ce ai mai kawai za a sha a kama hanya. Mu dai a ganinmu kowane ɓangare yana bukatar gyara. Tafiyar tana da amfani, tana kuma yiwuwa, amma ba ta wanda ya farka da safe ya buga babur ya kama titi ba ce.

Me za a je gani?

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ɗalibin da ya haddace tarihin cinikin bayi don cin jarrabawa, in ya tsaya a Wida, a ƙasar Benin, gaban ƙofar tunawa da aka gina a 1995 a wurin da ake loda mutane cikin jiragen ruwa, ba zai sake ɗaukar darasin nan da wasa ba. Ta Wida da Badagiri da Legas aka fitar da Hausawa masu yawa zuwa Bahiya a ƙasar Burazil, inda suka yi yunƙurin tawaye a 1807. A Badagiri akwai gidan bene na 1845 wanda ake kira bene na farko a Nijeriya, kuma a garin ne Thomas Birch Freeman ya sauka a 1842, aka yi bikin Kirsimeti a ƙarƙashin itacen Agiya. A Elmina kuwa ga katafaren ginin da Turawan Fotugal suka yi tun 1482, da ɗakunan duhu inda ake tsare bayi kafin jirgi ya zo.

Ban da tarihi, ga hanyar kanta. Daga Wida zuwa Lome titi yana bi tsakanin teku da tafkunan gaɓa, ga itatuwan kwakwa a jere, ga masunta suna jan taru da waƙa. Mai mota yana wucewa ne kamar walƙiya. Mai babur kuwa inda ya ga dama nan zai tsaya, ya gaisa da mutane, ya tambayi sunan kifi da farashinsa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba mu ce a haƙura ba.

Kakanninmu sun riga mu

Wanda ya ce doguwar tafiya ba al'adarmu ba ce, to, bai san tarihin wannan yanki ba. A ƙarni na 19 kasuwar Jega, wadda ke nan kusa da mu, matattarar fatake ce. Kambarin Barebari na Gummi, maƙwabtan Kebbe, sun yi suna wajen fataucin goro. Ayari yakan tashi da jakuna, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya bi ta Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja, ya kai kanwa da tufafi da fatu, ya komo da goro. Zuwa da dawowa watanni ne, wani lokaci har shekara ta kewayo.

Abin lura shi ne, ba a taɓa jin bafatake ya tashi shi kaɗai ba. Kowane ayari yana da madugu, wanda ya san hanya da sarakunan da ke kanta, shi ke yanke ranar tashi da wurin kwana. Akwai jagaba a gaba, akwai uban dawaki mai kula da sha'anin kuɗin fito da na hanya. Suna jiran damina ta wuce, suna sammako, suna sauka zango kafin rana ta yi nisa. Ba tsoro ne ya sa su haka ba, sanin darajar rai da dukiya ne. Wannan tsari nasu shi muke so matasanmu su ɗauka, jaki ne kawai ya zama babur.

Ko a zamaninmu haka abin yake. A 2022 wani ɗan Nijeriya mai suna Kunle Adeyanju ya taso daga Landan a kan babur, ya shigo ta iyakar Seme bayan kimanin kwana 40, don tara gudummawar yaƙi da cutar shan-inna. Mutane sun ga hotunan isowarsa sun yi tafi. Amma kafin ya tashi sai da ya tsara ƙasashen da zai ratsa, da takardunsa, da masu tarbarsa a hanya.

A san tsawon hanya

Daga nan zuwa Badagiri kusan kilomita 1,000 ne. Babban titin da ya taso daga Sakkwato shi za a bi: Tambuwal, Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Makwa, a ƙetare Kwara a gadar Jabba, sai Ilori da Badun. Daga Badagiri zuwa Elmina kuma wajen kilomita 550 ne, ta iyakoki uku: Seme tsakanin Nijeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, da Aflawo tsakanin Togo da Gana. Zuwa da dawowa ya haura kilomita 3,000.

Baburan da muka saba da su a nan, irin su Bajaj Boxer da 'yan kabu-kabu ke aiki da su, ƙananan injuna gare su. Suna da juriya, kayan gyaransu kuma suna samuwa ko'ina, amma ba a yi su don gudu ba. Shawararmu ita ce kada a wuce kilomita 250 zuwa 300 a wuni, a riƙa tsayawa bayan kowane awa biyu inji ya huce, mahayi ya miƙe baya. Da haka kwana 5 za su kai mutum Badagiri, wasu 5 su kai shi Elmina har da hutu da kallo. Wanda ba shi da mako uku a hannu, gara ya rage nisa, ya tsaya a Kwatano ko Lome ya juyo.

Lokaci ma abin dubawa ne. A bakin teku ruwa yana sauka sosai daga Afrilu zuwa Yuli, ya sake komowa a Satumba da Oktoba. Hanyarmu ta tudu ma ba ta tsira ba: gadar Tatabu tsakanin Makwa da Jabba ta karye a 2017, ambaliyar Makwa ta Mayun 2025 kuma ta hallaka mutum fiye da 150. Tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi, sai dai a kauce wa makon Kirsimeti da na sabuwar shekara, lokacin da tituna ke cika da direbobi masu gaggawa.

Takardu da doka

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ba biza har kwana 90. Ko da yake Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice a Janairun 2025, Benin da Togo da Gana suna ciki. Amma rashin biza ba shi ne rashin takarda ba. Ana bukatar fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin cutar shawara, da lasisin tuƙi, da takardun mallakar babur masu sunan mahayinsa. Ana kuma bukatar inshorar ƙetare iyaka ta ECOWAS, wadda aka kafa tun 1982, da takardar kwastan ta shigar da babur na ɗan lokaci. Wanda ya ari babur ɗin yayansa ya nufi Seme ba takarda, a can za su rabu. A kuma riƙa sauraron labarai, gama an taɓa rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 har Disambar 2020.

Sai batun Legas. Dokar hanya ta jihar ta 2012 ta hana ƙananan babura hawa manyan tituna da gadoji masu yawa, aka kuma ƙara tsananta hanin a 2020 da 2022. Baburan da aka kama, da yawa murƙushe su aka yi. Baƙon da ya shiga da babur mai lambar Sakkwato zai sha wuyar bayyana cewa shi matafiyi ne, ba ɗan acaɓa ba. Ya fi a ratse daga Badun ta Abekuta, a kauce wa tsakiyar birnin.

Kuɗi da kaya

A yi lissafi a takarda tun a gida. In muka ɗauka lita ɗaya tana kai babur mai kaya kilomita 40, to, ana bukatar wajen lita 80. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne, don haka a ninka da farashin ranar. A ƙara da baƙin mai na juye sau biyu ko uku, da abinci, da makwanci, da canjin naira zuwa sefa da sidi. Bayan an haɗa jimla, a ware kuɗin da zai ishi mutum da baburinsa su komo gida a mota in abu ya ɓaci. Wanda ba shi da wannan ajiya bai shirya ba tukuna.

Kafin tashi bakanike ya duba birki da sarƙa da kuloci da fitila, a sa sababbin tayoyi. A riƙe fulogi da tub da kayan faci da famfo da sifana. A cikin ayarin lalle a sami wanda ya iya kwance taya da hannunsa. Hular kwano kuwa ba don tsoron jami'an kiyaye haɗurra za a sa ta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa hular da aka ɗaure daidai tana rage haɗarin mutuwa da wajen kashi 40 cikin 100, na raunin kai kuma da wajen kashi 70. A sa takalmi rufaffe da riga mai kauri, a bar silifa a jaka. Kada a yi goyo, kowa da baburinsa.

In an isa gaɓa akwai sabon darasi. Iskar teku tana da gishiri, tana sa ƙarfe tsatsa da wuri, sai a riƙa wanke sarƙa ana sa mata mai. Rairayin da iska ke watsowa kan kwalta yana da santsi. Mafi muhimmanci kuwa, teku ba gulbi ba ne. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana jan mutum ciki da ƙarfi, har gwanin ninƙaya. A tambayi masuntan wurin kafin a sa ƙafa.

Amsa ga iyayenmu

Tsoron iyaye yana da tushe, ba kuwa za mu raina shi ba. Haɗari mafi girma ba a ƙasar waje yake ba, yana nan a kwana biyun farko. 'Yan bindiga sun addabi sassan Sakkwato da Kabi da Neja, kuma da babura suke yawo. Shi ya sa a 2021 jihohi da dama na wannan yanki suka taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da mai a jarka. Samari shida a jere a kan babura, da jarkoki a baya, suna iya jawo wa kansu zargi daga jami'an tsaro da 'yan banga. Saboda haka kada ayari ya wuce mutum uku ko huɗu, kada a ɗauki jarka, kada a ratse daji don yanke, kada kuma magariba ta sami kowa a hanya. Kowace safiya a tambayi direbobin tasha halin da gaba take ciki, gama matambayi ba ya ɓata. In an ce hanya ba lafiya, a ɗora babura a babbar mota zuwa Ilori ko Badun, kamar yadda masu zuwa cin rani suke yi. Ba abin kunya ba ne, teku ake nema, ba kirari ba.

Ta fuskar masauki kuwa, fataken da sun bar mana gado. Akwai Sabo a Badun tun 1916, akwai Zango a Kwatano da Lome, akwai Nima da Sabon Zango a Ankara, babban birnin Gana. A waɗannan wurare Hausa tana ci, ko inda Faransanci ya gagara. A nemi wasiƙa daga hakimi ko shugabannin jama'a, a sami sunan wanda za a sauka wurinsa a kowane zango, a bar wa gida jerin garuruwan da ranakunsu, a buga waya kowace yamma.

Ga ɗalibanmu da ke aji har yanzu, doka ba ta ba da lasisi sai an cika shekara 18, kuma ba a kama irin wannan hanya ba da yardar iyaye ba. Amma shiri ba ya jiran shekaru. Ku ɗauki taswira ku auna nisan, ku mai da hankali ga darasin Faransanci, ku je wurin bakanike ran Asabar ku koyi faci. Malamanmu na tarihi da labarin ƙasa za su iya mai da wannan hanya aikin aji. Iyaye kuma, in yaro ya zo da maganar, kada a kore shi. A ce ya kawo lissafinsa, da takardunsa, da sunan madugunsu. In ya kawo, a sa masa albarka. In ya kasa, shi da kansa zai gane lokaci bai yi ba.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa lafiya, ya komo da shi lafiya.