SANIN DOKA: Idan kamfani ya soke takardar asurans ta mota



Yau motoci sun yi yawa a karkara. Manomi ya sayar da albasa ya sayi tsohuwar mota. Makiyayi ya sayar da shanu ya sayi babur. Doka ta ce duk abin hawa mai inji da ke bin hanya sai da asurans, abin da mutanen Najeriya ke kira inshora. Mai mota yana biyan kamfani kuɗi. In motar ta buge mutum ko dabba, ko ta ɓata dukiyar wani, kamfani ne ke biyan diyya. In babu asurans, mai mota ne zai biya da kansa, ko da zai sayar da gona da garke.

To, wani lokaci kamfani yakan ce ya soke takardar mutum. Da yawa sai su ce ƙaddara ce, su yi shiru. Alhali sokewa tana da ƙa'ida, kuma wanda ya san ƙa'idar yana da bakin magana. Ga misali.

Wani manomi na wajen tafkin Tabalak ya sayi ƙaramar motar ɗaukar kaya. Ya tafi Tawa tare da maƙwabcinsa, ya shiga ofishin wani kamfanin asurans. A ce ya biya jika 120 na shekara guda, wato jika 10 kowane wata. Ma'aikacin ofishin ya tambaye shi aikin motar. Ya ce: "Albasa nake ɗauka. Ran Lahadi kuma ina kawo mutane kasuwar Tawa, suna biyana." Ma'aikacin ya rubuta kaya kawai, bai rubuta mutane ba. Takardar da Faransanci take. Manomin ya sa hannu, ya karɓi resi, ya koma gida.

Bayan wata huɗu, wani mutumin kamfanin ya ga motar a tasha cike da fasinja. Sai ga wasiƙa ta zo. Manomin ya yi karatun yaƙi da jahilci, ya iya karanta Hausa da lambobi. Da ya sa hannu ya karɓi wasiƙar, sai ya rubuta ranar a bayanta. Sannan ya kira ɗan wansa mai karatu a kolej.

Yaron ya karanta, ya ce: "Baba, sun ce ka ɓoye musu gaskiya. Sun soke takardarka, kuma ba za su mayar maka da ko dala ba."

Manomin ya ce: "Ban ɓoye komai ba. A gaban maƙwabcina na faɗa."

A nan ya kamata a san abin da doka ta ce. Dokar asurans da Nijar ke aiki da ita ana kiranta dokar CIMA. An sa hannu a kan yarjejeniyarta a Yawunde, ƙasar Kamaru, ranar 10 ga Yuli 1992, ta soma aiki a 1995. Ƙasashe 14 na Afirka ke bin ta. Dokar ta raba abu biyu.

Aya ta 18 ta yi maganar wanda ya yi ƙarya da gangan don ya biya kuɗi kaɗan. Shi takardarsa ta ɓaci tun daga farko, kuɗin da ya biya kuma sun zama na kamfani.

Aya ta 19 ta yi maganar wanda aka samu kuskure a takardarsa, amma ba a tabbatar ya yi da mugun nufi ba. Shi takardarsa ba ta ɓaci ba. In an gano kuskuren kafin a yi haɗari, kamfani yana da hanya biyu. Ko dai ya nemi ƙarin kuɗi, in mai mota ya yarda a ci gaba. Ko kuma ya soke, amma sai kwana 10 bayan ya sanar da mai mota a rubuce, kuma ya mayar masa da kuɗin watannin da suka rage.

Ke nan zargi kawai bai isa ba. Sai an tabbatar mutum ya yi ƙarya da gangan kafin a riƙe masa kuɗi. A lissafin manomin nan, wata 8 suka rage, wato jika 80.

Manomin bai tafi ofis ya yi faɗa ba. Ya zauna ya rubuta maganarsa da Hausa, yaron ya mayar da ita Faransanci. Sun sa sunansa, da lambar motar, da lambar takardar asurans, da ranar da ya biya, da ranar da wasiƙa ta zo. Sun ce bai yarda ya yi ƙarya ba, kuma yana da shaida. Sun faɗi abin da yake so: ko a gyara takardar ya cika kuɗi, ko a mayar masa da jika 80. Suka yi wasiƙar guda biyu.

Da ya kai ofishin Tawa, ma'aikacin ya ce: "Malam, ajiye ta nan, za a duba."

Manomin ya ce: "Ranka ya daɗe, a buga mini hatimi da kwanan wata a kan ta biyun, in tafi da ita."

Aka buga masa. Wannan hatimi shi ne shaidar cewa kukansa ya isa. Daga ranar bai ƙara hawa hanya da motar ba, don kada tsautsayi ya same shi ba shi da mai tsaya masa. Wasiƙar ta kai babban ofishin kamfanin a Yamai. Suka duba, suka ga babu abin da ya nuna mugun nufi. Suka gyara takardar, aka rubuta kaya da mutane, manomin ya cika kuɗin da ya dace.

Akwai wasu ƙa'idoji da ya kamata kowane mai mota ya riƙe.

1. Tun 2011, takardar asurans ba ta soma aiki sai an biya kuɗi. Alkawarin baki ba ya tsare kowa. Kada a biya ba tare da resi ba.

2. In aikin mota ya canza, kamar motar kaya ta koma ɗaukar mutane, a sanar da kamfani a rubuce cikin kwana 15.

3. In an yi haɗari, a sanar da kamfani da wuri. Wa'adin yana cikin takardar, kuma doka ta ce ba zai kasa kwana 5 na aiki ba. In sace motar aka yi, awa 48 ne.

4. Kamfani ba ya soke takarda don an yi haɗari sai in an rubuta haka a cikin yarjejeniya. Ko an rubuta, sai ya ba da wa'adin wata guda, ya mayar da kuɗin da suka rage.

5. Wanda ya sayi tsohuwar mota kada ya dogara da takardar mai ita na da. Aya ta 41 ta ce takardar tana tsayawa a ƙarshen kwana na 5 bayan ciniki.

In kamfani ya ƙi amsawa, magana ba ta ƙare ba. A ma'aikatar kuɗi ta Yamai akwai ofishin da ke sa ido a kan kamfanonin asurans. Ana iya aika masa kuka tare da hoton takardu. Takardun asali kuwa su zauna gida, a cikin leda, inda gara da ruwa ba su kai. In nan ma ba a daidaita ba, sai kotu, kuma akwai babbar kotu a Tawa. Amma kada a yi jinkiri. Aya ta 28 ta ba da shekara 2 kawai, in sun wuce ƙara ta faɗi.

Manomin nan bai fi kamfani kuɗi ba. Abin da ya fisshe shi resi ne, da shaida, da kwanan watan da ya rubuta da hannunsa. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Duk mai mota ya ɗauko takardarsa yau, ya sa a karanta masa ita layi-layi, ya ji ko abin da ya faɗa shi aka rubuta.

Wata mai zuwa za a yi bayani a kan abin da makiyayi zai yi in mota ta buge masa dabba a hanya.