Mota Mai Jan Taya Huɗu Ba Ta Tuƙa Kanta

'Yan'uwa, damina takan kawo wa manomi albarka, takan kawo wa direban ƙauye jarrabawa. Da ruwan Agusta ya zauna, hanyar da muke bi da rani ido rufe sai ta zama laka da kwazazzabo da rafi. A lokacin ne kwamitocin ƙungiyoyin manoma da na ɗakunan shan magani sukan ce, "Da muna da mota mai jan taya huɗu, da wahalarmu ta ƙare." Mu ma muna son irin wannan mota. Amma ga ra'ayinmu: duk ƙungiyar da ta saye ta, ko aka ba ta kyauta, kada ta miƙa mabuɗi ga kowa sai ya koyi tuƙinta a hanyar daji tukuna.

Ba mu raina ƙarfin motar ba. Tun asali domin mugunyar hanya aka ƙera ta. A shekarar 1948 aka fito da Land Rover a Ingila, a 1951 kuma kamfanin Toyota na Japan ya soma ƙera wadda daga baya aka sa wa suna Land Cruiser. Wanda ya taɓa hawa tsaunin Mambila a Jihar Taraba, mai tsayin wajen mita 1,600, ya san aikin da tsofaffin Land Rover suka yi shekara da shekaru a ƙauyukan da ke kewaye da Gembu. Amma ku duba da kyau. Direbobin can sun san kowane dutse da kowace gangara. Saninsu ne ya kai mutane gida lafiya.

To, mene ne motar take iyawa? A yawancin motoci, injin yana juya taya 2 ne kawai. A wannan kuwa yana iya juya dukan 4, saboda haka in na baya sun sami santsi, na gaba su ja. Tana kuma da giya mai ƙarfi, wadda ake sawa da ƙaramar sandar da ke gefen giya, ko da maɓalli a sababbin motoci, inda aka rubuta 4L. Da ita mota takan tafi sannu kamar sa mai jan garma. Cikinta kuma ya fi na ƙananan motoci nisa da ƙasa. Iyakar fifikonta ke nan.

Ga abin da ba ta iyawa. Na fari, ba ta fi sauran motoci tsayawa ba. Kowace mota birki huɗu gare ta. Jan taya huɗu yana taimakon tashi da tafiya, amma in ka taka birki a kan laka, za ta zame kamar kowace mota, har ma nauyinta ya ƙara tura ta. Na biyu, tana kafewa. A cikin yawancinsu, in taya ɗaya na gaba da ɗaya na baya suka rasa abin kamawa, su ne za su yi ta juyawa a banza, sauran biyun su tsaya cik, sai fa in motar tana da makullin da ke haɗa su. Na uku, tsayinta yana sa ta saurin kifewa, balle an jibga buhunan taki a kanta, mutane kuma sun hau bisa kayan.

Waɗannan abubuwa ba a tambayarsu wajen gwajin lasisi, gama a kan kwalta ake yinsa, cikin gari. Direba yana iya shekara 10 yana tuƙi ba tare da wani ya gaya masa cewa a sa giya mai ƙarfi tun kafin a shiga laka ba. Ba wanda ya nuna masa cewa a gangara mai santsi giya ta ɗaya ake sawa, a bar injin ya riƙe motar, kada a taka kuloci. Bai ji ba cewa tudu ana hawansa a miƙe, a sauko a miƙe, ba a ratsa shi a karkace. A cikin yashi ana rage iskar taya domin ya shimfiɗu, a mayar da ita in an fita. In taya ya soma juyawa wuri ɗaya, a ɗaga ƙafa daga totur, domin ƙarin wuta rami kawai yake haƙawa. In kuwa an koma kan busasshiyar kwalta, irin motar da ake sa wa jan taya huɗu da hannu dole a cire mata shi, in ba haka ba ƙarafan cikinta su ɗaure, tayoyi su cinye.

Amma babban abin tsoro shi ne ruwa. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗi cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota, mai santimita 60 kuwa, watau ya ɗan wuce gwiwar babban mutum, yana iya tafiya da manyan motoci irin waɗannan. Ko ruwan ba ya gudu, in ya shiga inda injin yake shan iska, injin ya mutu nan take, gama ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai ya lanƙwasa ƙarfe. Ƙa'ida mai sauƙi ce. Ruwan da mutum ba zai iya ratsawa da ƙafa hankali kwance ba, mota ma kada ta shiga. Rafin da ya cika bayan ruwan sama sau da yawa yakan janye cikin 'yan sa'o'i. Sannu ba ta hana zuwa.

Mun san abin da waɗansu za su ce. Za su ce, "Direbobinmu a kan hanya suka koya, kuma ina kuɗin makaranta?" Gaskiya ne hanya malama ce, amma kuɗin makarantarta yana da tsada. Takan karɓi injin, wani lokaci takan karɓi rai. Ku tuna motar ƙungiya ba ta mutum ɗaya ba ce. In ta kwanta wata 2 a wurin makanike, taki ya iso bayan masara ta wuce lokacinsa, allurar yara ta tsaya, mace mai naƙuda kuma a ɗauke ta a kan babur cikin dare.

Koyon kuwa ba sai an je birni ba. Ga shawararmu. A nemi tsohon direba wanda aka san shi da natsuwa, a biya shi ladan kwana 3. A sami fili mai tudu da yashi da ɗan taɓo kusa da gari. A karanta littafin motar tare, gama a ciki aka rubuta zurfin ruwan da za ta iya shiga da nauyin da za ta iya ɗauka. Kowane mai koyo ya kafe motar da gangan, ya fitar da ita da shebur da jak da katako. Ya koyi inda ake ɗaura igiyar ja, ya kuma koyi korar 'yan kallo nesa, domin igiyar da ta tsinke takan yi mummunan rauni. A koya wa mutum 2 aƙalla, a kuma maimaita kowace shekara kafin ruwan fari.

Saura magana ɗaya, mu shugabanni da ma'aikata ta shafa. Sau da yawa direba ya san hatsarin, amma babba yana zaune a gefensa yana cewa, "Shiga mana, ai ba ƙaramar mota ba ce." Yaro ya ji kunyar musa wa babba, ya shiga. Kamata ya yi kowane kwamiti ya rubuta a littafinsa cewa a bakin rafi maganar direba ita ce ta ƙarshe, ko wane ne a cikin motar. Direban da ya ce, "Ranka ya daɗe, mu jira ruwa ya janye," a gode masa a gaban jama'a, kada a kira shi matsoraci.

In kwamitinku zai zauna kafin daminar bana, ku sa wannan magana a kan gaba. Ku ware kuɗin koyarwa tare da kuɗin mai da na taya.