A Yafe Wa Direba, Amma Kada A Yafe Wa Kamfanin Inshora



Da wuya mu zauna taro a 'yan watannin nan ba a zagaya da takardar karo-karo ba domin wani namu da ya yi haɗari, ko a hanyar Kagoro, ko ta Kwoi, ko ta Zonkwa zuwa Kachia. Taimakon juna ba za mu daina ba. Sai dai mun lura cewa mafi yawan waɗanda muke tara wa kuɗin ba su taɓa neman ko sisin kwabo daga inshorar motar da ta ji musu rauni ba.

Kowa ya san yadda abin yake gudana. Mota ta kaɗe magidanci, an kwashe shi zuwa asibiti. Washegari dangin direba sun iso da dattawa da ɗan abin da ya sawwaƙa, a ce ƙaddara ce, a yafe, a je ofishin 'yan sanda a janye magana. Bayan wata uku ƙashi ya ƙi haɗuwa, an tura shi asibitin koyarwa na Jos ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. A nan ake sayar da cittar da aka ajiye don kuɗin makarantar yara, wani lokaci har da gonar.

Yafiya hali ne na gari, ba ma kushe ta. Abin da muke cewa shi ne direba daban, kamfanin inshora daban. Doka ta wajabta wa duk mai abin hawa ya yanki inshorar da za ta biya wanda ya ji wa rauni ko ya ɓarnata wa dukiya. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mayar da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, daga naira 5,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiya zuwa naira miliyan 3. Wannan iyakar ta dukiya ce, ba ta shafi raunin jiki ko rasa rai ba. Kamfanin ya riga ya karɓi kuɗinsa saboda irin wannan rana. Idan muka yi shiru, shi muka yi wa kyauta, direban bai ƙaru da komai ba.

Amma kamfani ba ya biya da labarin baki, takarda yake bi. Saboda haka tun daga ranar farko a rubuta lambar motar, a ɗauki hoton takardar inshorarta da wurin haɗarin, a karɓi lambobin wayar shaidu. A kira jami'an kiyaye haɗura a lamba 122, a kuma tabbatar 'yan sanda sun rubuta rahoto, a karɓi kwafi. Takardun inshora na bogi sun yi yawa, amma ana iya tantance su da waya ta *565*11# tare da lambar motar. In ta bogi ce, nauyin biya yana kan mai motar, kuma a san haka kafin a zauna sulhu.

A asibiti ma muna da haƙƙi. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana kowane asibiti ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili. A adana kowane rasit, ko na allura ɗaya ne, da hotunan ƙashi da rahoton likita. Masu ɗori sun daɗe suna taimakon jama'a, amma wanda ya sa hannu ya ɗauke majinyacinsa daga asibiti ya kai gida, ya sani ya rasa rahoton da zai nuna girman raunin, ban da haɗarin ruɓewar ƙafa.

Wasu za su ce wannan zai ɓata zumunci, musamman a gari irin Kafanchan da kowa ya san kowa. Mu a ganinmu abin da ke ɓata zumunci shi ne mutum ya nakasa, ya riƙa ganin wanda ya kaɗe shi yana wucewa kullum, shi kuwa ba na cefane. Wasu kuma za su ce lauya sai mai kuɗi. Hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, wato Legal Aid Council, tana da ofis a Kaduna, kuma dokarta ta 2011 ta haɗa da neman diyyar haɗari ga marasa hali.

Roƙonmu ga dattawa: kada a sa hannu a takardar sulhu sai likita ya faɗi iyakar raunin da abin da jinyar za ta ci. Masu motoci da babura a cikinmu kuma su yanki inshora ta gaskiya daga kamfani mai rajista. A taro mai zuwa za mu kawo shawarar a zaɓi mutum uku da za su riƙa raka iyalan wanda ya yi haɗari wajen haɗa takardu. Muna fatan kowa zai zo da nasa ra'ayin.

Allah ya kiyaye hanya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Sakataren Ƙungiya