Borobudur: Ba shekaru ke rushe gini ba, sakaci ne

A tsakiyar tsibirin Jaba na ƙasar Indonesiya akwai Borobudur, wurin ibadar mabiya Buddha da sarakunan gidan Sailendra suka gina wajen ƙarni na 9. Dutse ne bisa dutse, hawa-hawa, da gumaka 504 da allunan sassaƙa 2,672. Daga baya aka ƙaurace masa, daji da tokar aman wuta suka binne shi, har 1814 lokacin da gwamnan Ingila a Jaba, Stamford Raffles, ya tura aka sare dajin.

Abin lura shi ne ginin ya fi shan wahala bayan an tono shi. A 1896 hukumomin mulkin mallakar Holan suka bar Sarkin Siyam, Chulalongkorn, ya kwashi sassaƙe-sassaƙe ya tafi da su gida. Kyauta da kayan da ba na mai bayarwa ba, wadda sa hannun jami'i ya halatta.

Sai kuma ruwa. Gyaran da Theodoor van Erp ya jagoranta daga 1907 zuwa 1911 ya daidaita saman ginin, amma ruwan sama ya ci gaba da ratsa tudun da ke ƙarƙashinsa, bango yana karkacewa. Sai a shekarun 1970 gwamnatin Indonesiya da UNESCO suka kwance duwatsu fiye da miliyan ɗaya, aka yi wa kowanne lamba, aka shimfiɗa magudanan ruwa, sannan aka mayar da kowane dutse mazauninsa. A 1991 wurin ya shiga jerin kayan tarihin duniya.

Ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi ce ta ɗauki wannan nauyi. Adana gini ba bauta masa ba ne, riƙon amanar tarihi ne. Ko da aka tayar da bama-bamai a wurin a 1985, gyara aka yi, ba a juya masa baya ba.

Najeriya na da Sukur a Adamawa da kurmin Osun-Osogbo a wannan jeri. Makomarsu na hannun masu tsara kasafi da masu ajiye rajista. Kuɗin magudanar ruwa ba ya jawo bikin yanke kyalle, shi ya sa aka fi saurin soke shi. Borobudur ya nuna cewa layin da aka soke yau, da tsadar gaske ake biyansa gobe.