Kafin A Yanka Katako, A Fara Zanawa Da Maka

Shaper Origin na'urar yankan katako ce da ake riƙewa da hannu biyu, ƙirar kamfanin Shaper Tools na birnin San Francisco a Amurka. Ana manna wani tef mai ɗige-ɗige a kan katako, kyamarar na'urar ta karanta shi ta gane inda take. Mai aiki zai loda zanensa a fayil ɗin SVG, ya riƙa tura ta bisa layin da allonta ke nunawa, ita kuma tana gyara ɗan karkacewar hannunsa da kanta.

Wasu masu amfani da ita kan cire injin yankan, su sa mariƙin alƙalamin maka da suka haɗa da kansu a gurbinsa. Maimakon ta yanka, sai ta zana. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin wasa da na'ura mai tsada, amma duk wanda ya mallake ta ya kamata ya haɗa irin wannan mariƙi.

Dalili shi ne na'urar tana bin fayil ne kawai, ba ruwanta da ko fayil ɗin daidai yake. Idan manhajar zane ta fitar da SVG da ma'aunin da ba shi ba, ko aka rikita inci da milimita (inci 1 milimita 25.4 ne), haka za ta yanka kuskuren tsaf. Masu rubuta manhaja sun san ba a sakin aiki sai an gwada shi. Su idan sun yi kuskure suna iya komawa baya, amma katakon da aka yanka ya yanku. Da maka kuwa, kuskuren zai fito a kan kwali, a auna shi da ma'auni, a gyara fayil.

Akwai masu cewa ai allon na'urar yana nuna layin tun kafin a fara, har ana iya bin sa ba tare da bakin yanka ya taɓa katako ba. Haka ne, amma allon ɗan ƙarami ne, kuma wannan gwaji ba ya barin alamar da za a auna. Zane a ainihin girmansa shi ake shimfiɗa wa mai kaya ya duba kafin a taɓa katakonsa. Gani ya kori ji.

Sai dai haɗa mariƙin yana da sharuɗɗa 3. Na farko, bakin makar ya zauna daidai tsakiyar inda bakin yanka yake zama, in ba haka ba zanen zai goce. Na biyu, a sa ɗan sifirin a bayan makar, domin katako ba ya rasa tudu da kwari. Idan babu shi, bakin zai murƙushe ko layin ya tsinke. Na uku, kada a kuskura a cusa maka a cikin injin yana haɗe da wuta, domin yana juyawa sau 10,000 zuwa 26,000 a minti ɗaya.

Ana iya buga mariƙin da firintar 3D, ko ma a yanka shi daga guntun katako da ita kanta na'urar. Abin da za a kashe bai kai kuɗin falanki ɗaya da ya lalace ba.