Me Ke Kashe Wa Ma'aikaci Gwiwa?

Jama'a, mun san malaman firamare iri biyu. Ɗaya yakan riga yara isa makaranta. Ɗayan kuwa da ya sa hannu a rajista sai ya hau babur ya tafi acaɓa, 'ya'yanmu su kai aji huɗu ba su iya rubuta sunansu ba. Abin baƙin ciki, sau da yawa na farkon ne ya koma na biyun.

A Yuli 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000. Madalla, ko da yake tsadar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a 2023 ta riga ta lashe ƙarin. Amma ba kuɗi kaɗai ke kashe gwiwa ba. Albashi ya makara, ba mai fitowa ya yi bayani. Ƙarin girma ya tafi wa mai uwa a gindin murhu. Mai ƙwazo da rago, ba a bambanta su.

Mu da muke da ma'aikata a shago, a gona, har da makarantun ikilisiya, yaushe rabonmu da zama da su mu ji ta bakinsu?