SHARHI: A Yi Wa Sababbin Unguwannin Azare Ƙa'ida Tun Da Wuri

Tun bayan da Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya a Azare cikin shekarar 2021, bukatar gidajen haya ta ƙaru a hedkwatar masarautar Katagum, wadda da ma take ɗauke da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da babban asibitin tarayya. Wannan alheri ne ga masu filaye, amma yana tafe da wata matsala, wato mayar da gidajen zama kantuna, ɗakunan kwanan ɗalibai ko masana'antar ruwan leda, ba tare da neman izini ba.

Doka ba ta yi shiru a kan wannan ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamnan jiha, kuma takardar mallakar da yake bayarwa tana fayyace abin da aka ba da filin dominsa. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke mallakar idan aka saɓa wa sharuɗɗan takardar. Haka kuma, a shekarar 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta shigar, cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Saboda haka nauyin yana wuyan Gwamnatin Jihar Bauchi da hukumarta ta raya birane.

Sai dai jami'in hukuma ba ya kwana a unguwa. Maƙwabci ne yake fara ganin an toshe magudanar ruwa, ko an ci hanya da katanga, kuma shi ne darajar gidansa take faɗuwa in injin niƙa ya tare a jikin ɗakinsa. Don haka ya kamata mazauna kowace sabuwar unguwa su kafa ƙungiya, su yi mata rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, su rubuta ƙa'idojinsu a gaban mai unguwa, sa'an nan a nuna wa duk mai sayen fili kafin ya biya kuɗi.

Wajibi ne kuma ƙungiyar ta san iyakarta. A Amurka irin waɗannan ƙungiyoyi sukan ci tarar mai gida, har su kai ga sayar da gidansa saboda bashi. Nan kuwa rushe gini ko soke mallaka aikin hukuma ne da kotu. Kada kuma ƙa'idar ta zama sandar dukan talaka: matar da ke sayar da ƙosai a ƙofar gidanta ba daidai take da mai kafa gidan mai a tsakiyar jama'a ba.

Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane. Ya rage ga hukumar raya birane, ƙaramar hukumar Katagum da masarauta su zauna da mazauna unguwannin tun filayen suna fegi, domin rusau ya fi tsari tsada.